Yadda Ake Sayen Hatsi da Kaka a Ajiye Zuwa Lokacin da Zai Yi Daraja

Duk shekara da zarar an fara yankan gero, sai an samu mai zuwa wurina da magana iri ɗaya. Wani ma'aikaci ne da ya tara ɗan abin da ya tara, wata kuma uwargida ce da ta kwashi adashe, kowa na son ya sayi hatsi ya ajiye. Shawara ce mai kyau. Na daɗe ina wannan harka, na ci riba a cikinta, na kuma taɓa kwashe masara da shebur na sayar wa masu kiwo a kuɗin da bai fi na dusa ba. Abin da ya raba waɗannan shekaru biyu ba sa'a ba ce, aikin da aka yi ne ranar saye da makon da ya biyo baya.

Tushen harkar a fili yake. Da kaka manomi yana da bashin taki a kansa, ga kuɗin makarantar yara, ga bukukuwa, sai kowa ya fito da amfaninsa lokaci guda, kasuwa ta cika, farashi ya sauka. Daga bazara zuwa tsakiyar damina, wato wajen Mayu zuwa Agusta, rumbuna sun yi ƙasa, sabon amfani bai iso ba, kamfanonin abincin kaji da masu casa suna nema. A yawancin shekaru farashi yakan tashi a wannan tsakani. Na ce a yawancin shekaru, kuma zan dawo kan wannan.

Kayan da za ka tanada

- Jarin da ba na bashi ba, wanda za ka iya haƙura da shi wata shida zuwa takwas.
- Sito ko ɗaki mai daɓen siminti, wanda rufinsa ba ya yoyo, kuma ba a kwana a cikinsa.
- Katakon ɗora buhu. In babu, a jera bulo a ɗora azara ko faluka a kai.
- Buhun PICS, wanda ake kira buhu mai leda biyu a ciki, ko jarkoki da gangunan da murfinsu ke rufuwa ruf.
- Tamfol na shanya, rariya, faifai ko tire na bakace, tsintsiya.
- Sikeli, da kwanon awo naka na kanka.
- Ƙarfen nan mai rami da ake soka wa buhu a zaro samfur.
- Busasshiyar kwalba mai murfi da ɗan gishiri.
- Igiya, basilla, zaren ɗinkin buhu, tarkon ɓera, kwaɗo mai kyau.
- Littafi da biro. Kada ka raina wannan.

1. Zaɓi abin da za ka saya

Ga mai farawa, gero da dawa sun fi sauƙin riƙo. Ƙwaro bai cika saurin kama su ba in sun bushe, kuma kullum akwai mai saye, ko a bakin ƙofar gidanka. Gero yana ƙara motsi gab da azumi saboda kunu da fura. Masara ta fi su saurin juyawa da yawa, domin masu abincin kaji suna ɗauka mota-mota, amma ita ce ta fi yaudara wajen danshi. Waken suya ba ya shan wahalar ƙwaro sosai, kasuwarsa kuwa tana hannun kamfanonin mai da na abincin dabbobi. Wake ya fi kowa tashi idan ya tashi, ya kuma fi kowa lalacewa, don in ba ka iya ajiyarsa ba, cikin wata biyu za ka buɗe buhu ka tarar da huji a kowace ƙwaya.

Riɗi da zoɓo kayan fita waje ne, farashinsu yana bin dala da buƙatar masu fitarwa, saboda haka ka bar su tukuna sai ka san gari. Gyaɗa ma ban ba ka shawarar fara da ita ba.

Shekarar farko ka tsaya a kan abu ɗaya ko biyu, kuma ka fara da kaɗan. Buhu goma ya isa ya koya maka duk abin da buhu ɗari zai koya maka.

2. Gyara sito kafin ka sayi ko da kwano ɗaya

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya sayo kaya, mota na tsaye a ƙofa, sannan ya fara neman inda zai zuba. Ka share ɗakin tas, har saman bango da lungunan rufi, domin ƙwaron bara yana laɓe a tsagar bango da cikin tsofaffin buhuna. Duk wani tsohon buhu a fitar da shi. A liƙe ramukan ɓera da siminti, a sa waya mai ƙananan ido a taga, a duba ƙasan ƙofa ko akwai inda ɓera zai kutsa. Idan ɗakin yana rima da damina, ka nemi wani, don katako ba zai cece ka ba.

Wanda ba shi da wuri yana iya kama hayar sito a kasuwa, inda ake biya a kan kowane buhu. In za ka yi haka, ka rubuta sunanka a jikin buhunanka da fenti, ka karɓi takarda mai ɗauke da adadi da kwanan wata, a gaban shaida. Akwai kuma kamfanoni irin su AFEX da ke da rumbunan ajiya a jihohin arewa, suna auna kaya su duba ingancinsa su ba da rasit. Wanda ya bi ta nan ya karanta sharuɗɗa da kuɗin ajiya kafin ya sa hannu.

3. Yi lissafi a takarda

Mutane da yawa suna ƙirga kuɗin saye kawai. Ga misali, da lambobin da na ɗauka don a gane, ba farashin yau ba. A ce ka sayi buhun masara naira 40,000. La'adar dillali 500, dako wajen lodi da saukewa 600, mota 2,000, buhun ajiya 3,500, hayar sito wata shida 1,800. Ka kai 48,400. Ƙara abin da zai ragu wajen shanya da rairaya, a ce na 1,000, da la'adar ranar sayarwa 500. Buhun nan ya tsaya maka a kusan 50,000. To idan bazara ta yi aka ce masara ta kai 48,000, wanda bai yi lissafi ba zai ta murnar ya ci 8,000, alhali kuwa ya faɗi da kusan 2,000.

Wannan adadi na ƙarshe shi za ka rubuta a shafin farko na littafinka. Daga shi riba take farawa.

4. Shiga kasuwa

Dawanau da ke Kano ita ce babbar kasuwar hatsi, kuma a nan ake jin yadda farashi ke tafiya, amma mai son sayen kaka da sauƙi kasuwannin da ke kusa da gona yake bi. Masara a yankin Saminaka da Giwa a jihar Kaduna, da Dandume da Bakori da Funtuwa a jihar Katsina. Gero da wake da riɗi a ɓangaren Jigawa da Yobe, irin su Gujungu da Maigatari da Potiskum. Sai dai a tuna da kuɗin mota da halin tsaro a hanya. Sau tari kasuwar ƙauyen da ke kusa da kai, wadda za ka je ka dawo kafin la'asar, ta fi maka wadda ake yabo a nesa.

Kada ka sayi kayan farko-farko. Sabuwar masarar da ke fitowa a Satumba da farkon Oktoba ruwa ne a cikinta, ga shi farashi bai gama sauka ba. Ka jira iskar hunturu ta fara kaɗawa. Ni nakan sayi masara da waken suya daga Nuwamba, dawa kuwa sai Disamba zuwa Janairu. Kuma ba na juye jarina a kasuwa ɗaya. Nakan raba shi uku, in saya cikin makonni uku ko huɗu, don ba wanda ya san ranar da farashi zai kai ƙasa.

Je ka kasuwa sau ɗaya ko biyu ba da niyyar saye ba. Ka zagaya, ka tambayi farashi a wurin mutum uku, ka lura da dillalin da manyan 'yan sari ke tsayawa wurinsa. Dillali nagari rabin jari ne, kuma la'adarsa haƙƙinsa ce, kada ka yi ƙyashin ta. Amma ko mahaifinka ne dillalin, ka duba kayanka da idonka. Soka ƙarfe a sama, a tsakiya, a gindin buhu. Masu algus sukan zuba mai kyau a baki, su cusa mai tsakuwa ko tsohon hatsin bara a ciki. Ka zaɓi buhu ɗaya cikin kowane biyar ka ce: "Malam, a juye min wannan a tamfol." Mai gaskiya ba ya jin haushin haka.

Batun awo kuma, buhu suna ne kawai. A kasuwanni da yawa ana ƙirga kwano 40 a buhu, wanda ake ɗauka kilo 100, amma kwanon wani gari ba ɗaya yake da na wani ba, kuma akwai mai bugun gindin kwano ya lotsa shi. Ka saya a sikeli in da hali. In babu, a auna da kwanonka.

5. Tabbatar ya bushe, sannan a tsabtace

A nan na taɓa faɗuwa, shi ya sa zan daɗe a kai. Wata shekara na sayi masara buhu talatin a ƙarshen Oktoba, fara tas, ƙwaya manya-manya. Mai kayan ya rantse min ta bushe, ni kuma ina saurin in kama mota. Bayan kamar mako uku na shiga sito, tun daga ƙofa na ji wani wari kamar na tsohon gasara. Na cusa hannu tsakanin buhuna na ji ɗumi kamar an ajiye su kusa da murhu. Da muka farke ɗaya, tsakiyar ta dunƙule, ta yi kore-kore da baƙi-baƙi. Abin da muka ceto bai kai rabi ba.

Masarar ajiya ana son danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100 ko ƙasa da haka. Akwai na'urar gwaji, manyan masu saye suna da ita. Wanda ba shi da ita yana da hanyoyi uku. Ka ciji ƙwaya: busasshiya takan fashe da ƙara, mai danshi kuwa haƙori ne zai nutse a cikinta. Ka tura hannu cikin buhu: busasshen hatsi yana barin hannu ya shige har gwiwa yana ƙaras-ƙaras, mai danshi yana riƙe hannu, ga sanyi-sanyi. Ta uku ita ce ta kwalba. Ka shanya gishiri a rana ya bushe sosai, ka zuba hatsi kamar sulusin kwalbar, ka ƙara gishiri cokali biyu, ka rufe, ka girgiza na minti ɗaya, ka ajiye kwata na awa, ka sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba.

In ya nuna danshi, a baje shi a tamfol, kaurinsa kada ya wuce faɗin tafin hannu, ana juyawa, kwana biyu ko uku. Kada a shanya a ƙasa tsirara ko a gefen kwalta. Bayan an kwashe a bar shi ya huce a inuwa kafin a ɗura, don hatsi mai zafi in aka rufe shi a leda gumi yake yi.

Fumfunar da ke kama masara da gyaɗa masu danshi tana haifar da guba da ake kira aflatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Kamfanonin kirki suna gwadawa su mayar da mota guda saboda ita. Hatsin da ya yi fumfuna bai halatta ka gauraya shi da mai kyau ka sayar wa mutane su kai gida ba.

Daga nan a rairaye, a bakace, a fitar da ƙaiƙayi da tsakuwa da fasassun ƙwayoyi. Ƙwaro ta kan fasasshiya yake fara ci.

6. Ɗura a buhun da iska ba ta shiga

Buhun PICS masana na jami'ar Purdue ta Amurka ne suka ƙirƙiro shi tare da abokan aikinsu na Afirka, tun asali don wake, daga baya aka ga yana yi wa masara da dawa da sauransu. Hawa uku ne: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ba a sa masa magani. Ƙwarin da ke ciki su ne ke shaƙe ɗan iskar da ta rage, in ta ƙare su daina ci su mutu, ƙwansu ma ba ya yin komai.

Ga yadda ake yi. Ka buɗe kowace leda ka cika ta da iska, ka riƙe bakin ka matsa, ka ji ko tana sacewa. Mai huji a ajiye ta gefe, ko a liƙe da salatif mai ƙarfi in ƙaramin huji ne. Ka zuba hatsi kamar kwano biyu a leda ta farko don ta zauna, ka saka ta cikin ta biyu, ka saka su cikin buhun waje, ka naɗe bakunansu tare. A ci gaba da zubawa ana girgizawa don hatsin ya zauna ba gurbi. Kada a cika fal, a bar isasshen wurin ɗauri. Sai a matse iska daga ledar ciki, a murɗe bakinta, a lanƙwasa, a ɗaure tam da igiya. A yi wa ta biyu haka ita kaɗai, sannan na waje. Masu ɗaure ukun da igiya ɗaya don sauri sun ɓata aikin. Kuma a gargaɗi 'yan dako: ba ƙugiya, ba ja a ƙasa, ba soka ƙarfe. In an kula da shi, buhu ɗaya yana yin kaka biyu zuwa uku.

In ba a samu PICS ba, jarkar mai da aka wanke ta bushe ƙarau tana yin wannan aiki, haka gangar ƙarfe. A cika ta har wuya, a sa leda a baki, a murɗa murfi. Ba a amfani da wadda aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi. Don wake kaɗan na cin gida, iyayenmu suna gauraya shi da toka da aka tankaɗe, kuma yana yi, sai dai mai saye a kasuwa ba ya son wake mai toka.

Sai maganar magani. Ƙwayar nan da ake kira bam, wato Phostoxin da ire-irenta, iskar guba take fitarwa, kuma ta kashe iyalai a cikin barci saboda an sa ta a ɗakin da ke manne da na kwana. Wanda kayansa suka yi yawa har sai da ita, ya kira wanda ya koyi aikin, a siton da ke nesa da gida, a naɗe ƙwayar a takarda ko ƙyalle kada ta taɓa hatsi, a rufe da tamfol ruf na aƙalla mako guda, a binne garin da ya rage. Shi kuwa zuba Sniper ko wani maganin feshi a cikin wake, wannan cutar da bayin Allah ne. Irin wannan sinadari ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Abin da Bature ya ƙi, 'ya'yanmu ne ke cinye shi a ƙosai da alala.

7. Jerawa da dubawa

A jera a kan katako, a bar tazarar da mutum zai bi tsakanin kaya da bango, kada a kai su rufi. A sarƙe jerin, sahu ɗaya a tsaye sahu ɗaya a kwance, don kada ya rushe. Kada a haɗa hatsi ɗaki ɗaya da taki ko kananzir ko maganin feshi.

Duk mako biyu ka shiga da kanka. Ka shaƙi iskar ɗakin, ka taɓa buhuna, ka duba ƙasa ko akwai kashin ɓera ko garin hatsi, ka dubi bango ko gara ta fara hawa, ka ƙirga. Ɓera shi ne babban abokin gabar buhun leda, huji ɗaya ya isa. Kada ka riƙa kwance buhu don leƙawa, domin in ka kwance, iska ta sake shiga ke nan. Kafin ruwan farko ka hau ka duba kwanon rufi.

8. Fitarwa

Tun ranar saye ka yanke wa kanka ribar da in ta samu za ka fara sayarwa, ka rubuta. Idan farashi ya kai nan, fitar da sulusi. Bayan wasu makonni ka sake fitar da sulusi. Ragowar kada ta wuce Yuli zuwa farkon Agusta a hannunka, domin da zarar damina ta yi kyau aka hango sabon gero, masu manyan sito za su buɗe ƙofa gaba ɗaya, farashi ya rikito cikin kasuwa biyu.

Ka riƙa sauraron labarai kamar yadda kake sauraron kasuwa. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da wani nau'in shinkafa na kwana 150. A Oktoban shekarar Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa ƙasashen waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Waɗanda suka sayi hatsi da tsada a kakar 2024 suna jiran ya ninka kamar na kakar da ta gabace ta, da yawansu sun sayar a 2025 ƙasa da yadda suka saya. Wanda ya yi da kuɗinsa ya ji ciwo ya tashi. Wanda ya ci bashi ya shiga, shi ne har yanzu bai farfaɗo ba. Idan ka ga wata uku sun wuce farashi na zamewa, ka rage kaya ko da ba riba, kada ka tsaya jiran abin da ba ya zuwa.

Akwai kuma iyakar da addini ya sa. Saye a lokacin yalwa, a adana abin da da zai lalace, a fitar da shi lokacin buƙata, kasuwanci ne, malamai ba su hana ba. Amma a kulle sito alhali abinci ya yanke a gari, mutane na kwana da yunwa, ana jiran ya ƙara tsada, wannan shi ne ɓoyon da hadisi ya kira mai yin sa mai laifi. Hukuma ma tana sa ido: a Fabrairun 2024, lokacin da tsada ta yi tsanani, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu rumbuna a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Ni dai ƙa'idata, in maƙwabci ya zo neman kwano biyar ba na ce masa sai buhu.

Ranar sayarwa ka je da samfur a leda, ka ji tayin mutum biyu ko uku kafin ka kira mota. A auna a gabanka. Kada kaya su bar ƙofar sito sai kuɗi sun shiga, ka buɗe asusunka ka gani da idonka, don saƙon banki na bogi ya yi yawa. Wanda ya ce a ba shi zuwa kasuwa mai zuwa, in ba ka shirya bin bashi har kaka ba, ka ba shi haƙuri. Hatsin da aka saya don kasuwanci zakkarsa ta dukiyar ciniki ce, kashi 2.5 cikin 100 idan ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo, kuma a mazhabar Malikiyya akwai bambanci tsakanin mai saye da sayarwa kullum da mai ajiyewa yana jiran kasuwa, saboda haka ka kai wa malaminka littafin lissafin ya duba maka. Ledojin kuma a kakkaɓe su, a gwada su da iska, a naɗe a rataye inda ɓera ba zai kai ba, sai kaka ta gaba in Allah Ya kai mu.